Yarinya ta ce injiniyancin lantarki za ta karanta, gida ya rabu biyu

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar gida, don Allah shawara nake nema kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutu. 'Yata ta fari tana aji shida a sakandare, lokacin cike JAMB ya matso sai ta ce ita injiniyancin lantarki take so. Uwarta da kakarta (mahaifiyata kenan) sun ce sam, nas za ta yi ko ungozoma, wai me mace za ta yi da hawa falwaya. Ni kuma na san yarinyar nan tun tana firamare duk fitilar caji da ta lalace a gidan ita ke kwancewa, ɗan solar da muka sa ma ita ta gano batir ne ya mutu bayan mai gyara ya karɓi kuɗi sau biyu. Matsalar ita ce darasi huɗu kawai ake zaɓa, in nas ce sai ta ɗauki bayoloji, in injiniyanci ne dole lissafi, ba a haɗa duka. To ya zan yi?

Abu Hafsat: Wa alaikumus salam. Malam gsky ni ina bayan Hajiya. Muna fama da ƙarancin mata a asibiti, matanmu na haihuwa a hannun maza, duk yarinyar da Allah ya ba ƙwaƙwalwar kimiyya ai can ya kamata a tura ta. Injiniyoyi maza ma ga su nan birjik suna tuƙa adaidaita sahu.

Maman Sadik: Malam Abu Hafsat barka da dare. Ni ce dai irin matan da ake cewa me za su yi da falwaya, shekarata goma sha ɗaya ina aikin lantarki kuma ban taɓa hawa falwaya ba wlh, masu hawa daban ne aikinsu ne. Nawa aikin lissafin lodi ne da zanen wayarin da duba abin da 'yan kwangila suka yi. Hular kwano a kan hijabi nake ɗora ta, babu abin da ya rage ni. Amma bari in ɗauki hujjarka in mayar maka da ita. Ka ce mata su yi nas saboda kada maza su duba matanmu, na yarda. To yanzu da kowane gida ya koma sola, wa ke shiga har uwar ɗaka ya duba inbata? Gidan da aka rubuta ba shiga a ƙofa, mai gida ya tafi kasuwa tun safe, wuta ta ɗauke, firji cike da ƙanƙarar sayarwa, sai matar ta jira har magariba kafin a shigo da mai gyara. Yara mata biyu da na koya wa haɗa sola yanzu ba sa zama, mata ne ke kiransu gida-gida.

Abu Hafsat: Hajiya wannan gyara ne kike faɗa, ba sai an yi shekara biyar a jami'a ba. Kuma in ta yi aure aka tura ta aiki Shiroro ko Kainji mijin zai bi ta ne?

Maman Sadik: Nas ɗin da ke kwana a asibiti sau uku a sati fa, mijin yana bin ta? Hhh. Kowane aiki da nasa Malam.

Malamin Fiziks: Ku yi haƙuri in shigo, ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Baban Ummi ka gode wa Allah 'yarka ta kai matsayin da ake gardamar me za ta zaɓa. Ni ina koyarwa a wata makarantar gwamnati a ƙauye, ba zan faɗi suna ba, ni kaɗai ne malamin fiziks kuma ni nake riƙe da lissafin aji biyar da shida saboda wanda ke yi an mayar da shi birni ba a kawo wani ba. Makarantar 'yan mata da ke kusa da mu ba su da malamin fiziks sam, to in yarinya ta gama aji uku sai kawai a ce kowa ya tafi ajin adabi ko kasuwanci, an rufe mata ƙofar injiniyanci tana shekara sha huɗu ba tare da kowa ya tambaye ta ba. A nan ake zubar da yaran, tsakanin aji uku da aji huɗu, ba a ƙofar jami'a ba. Ɗakin gwaje-gwajenmu kuwa sai sati biyu kafin furaktikal na WAEC ake buɗe shi a kore jemagu, yaro ya fara ganin amita, na'urar auna wutar lantarki, da idonsa ranar jarrabawa. Wanda zai karanta injiniyanci sai ya ci Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri da kiredit, ku gaya min ɗan ƙauye ta ina zai samo su in ba a ba shi amsa ba. In kuma an ba shi amsar ya shiga jami'a, ajin farko lissafi ya kore shi.

Tsohon Ɗalibin Dawaki: Malam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Wannan ciwon ai an taɓa yi masa magani a Kano kuma ya ji. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya biyu na kwana, Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, saboda a lokacin in ka shiga asibitoci da ma'aikatar ayyuka kusan duk baƙi ne, Indiyawa da 'yan Pakistan da 'yan Masar. Abin da aka yi ba wani sihiri ba ne, jarrabawa aka riƙa yi a duk faɗin jiha a tsamo yara masu kai ko daga wane ƙauye suke, a tara su wuri ɗaya, a ba su malamai da kayan aiki da abinci. Daga baya aka buɗe ta mata a Taura, wadda ta faɗa Jigawa da aka raba jiha a 1991. Ni ɗan manomi ne, ubana bai san me ake kira fiziks ba har ya rasu Allah ya jiƙansa, amma a ɗakin kwananmu akwai ɗan attajirin Fagge da ɗan masunci daga Haɗeja, gado ɗaya sama da ƙasa. Ka je yau ka duba manyan likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa masu shekaru hamsin zuwa sittin ka tambaye su ina suka yi sakandare.

Malamin Fiziks: Yallabai haka ne, amma makarantu nawa ne kuma yara nawa suke ɗauka? Kuma yanzu wanda ya yi firamare mai kuɗi a birni shi ke cin jarrabawar shiga, ɗan ƙauyen da aka yi abin dominsa ba ya ma iya karanta tambayar.

Tsohon Ɗalibin Dawaki: Wannan kam ban musa ba. A zamaninmu firamaren ƙauye da ta birni tazararsu ba ta kai haka ba.

Ɗan Panteka: Salamu alaikum manya. Ni ban yi boko mai zurfi ba ku yi haƙuri da rubutuna. Duk maganarku ta masu takarda ce. Ku zo Panteka a Kaduna ku gani, injin niƙa, injin casar shinkafa, injin sussukar masara, tukunyar gas, ƙofar ƙarfe, duk mu ke ƙerawa. Yaran da ke hannuna guda bakwai ne, huɗu almajirai ne da suka sauke suka zo koyon walda. Akwai ɗaya cikinsu in ya kalli inji sau ɗaya zai zana maka shi a ƙasa da tsinke kuma ya ƙera ya tashi. Amma shi ba injiniya ba ne ko? Ɗaliban foli da na jami'a in lokacin furojet ɗinsu ya yi wajenmu suke zuwa da takarda mu haɗa musu, su kai a ba su maki, su ne injiniya mu kuma 'yan ƙira.

'Yar Samaru: Baba wlh gaskiya ka faɗa kuma kunya ta kama ni, don mu ma haka muka yi niyya 😂 Ni ina aji huɗu a injiniyancin gine-gine, mata a ajinmu ba mu cika yatsun hannu biyu ba. Amma Baba akwai abu ɗaya, yaronka zai ƙera inji ya tashi, in aka ce a ninka girmansa sau uku kaurin shaf ɗin, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, nawa zai zama, inji mai ƙarfin doki nawa za a sa ya juya shi, wane ƙarfe ne ba zai karye ba, nan ne lissafin yake shigowa. Mu muna da lissafin ba mu iya riƙe tocin walda ba, ku kuna da hannun. Da a ce ana haɗa mu tun aji ɗaya ba sai ranar furojet ba da abin ya fi.

Ɗan Panteka: 'Yata kin yi magana. Sau nawa muna ƙera abu ya karye sai mun sake sau uku, asarar ƙarfe kawai. To wa zai koya wa yaron lissafin da Hausa? Don in ka ce sai ya iya Turanci tukuna ka kashe maganar.

Mai HND: Baba akwai hanya fa ko da ba ta kai yadda ake so ba. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha da ke nan Kaduna tana da tsarin NSQ, ana zuwa a duba abin da mutum ya iya da hannunsa a ba shi satifiket mataki-mataki, kuma an fara da mutanen Panteka ɗin tare da Kaduna Poly, ka tambayi shugabannin ƙungiyarku. Sannan akwai jarrabawar NABTEB ta 'yan makarantun fasaha, ana shiga foli da ita. COREN ma, hukumar kula da aikin injiniya da aka kafa tun 1970, ba injiniyoyi kaɗai take yi wa rajista ba, aji huɗu ne, injiniya, mai HND (babbar difloma), mai ND (ƙaramar difloma), da masu sana'ar hannu. Amma fa kada in yaudare ka, tsanin akwai shi a takarda, hawansa ne wahala. Ni shekara biyu ND, shekara ɗaya aikin koyo a masana'anta, shekara biyu HND, biyar kenan daidai da mai digiri, amma ba za a kira ni injiniya ba sai na sake komawa jami'a na yi PGD, wato diflomar gaba da digiri. A wurin aiki yaron da na koya wa karanta zane shi ne ogana yanzu. To uban da ya ga haka zai kai ɗansa makarantar fasaha? Kowa sai ya ce jami'a ko ba komai, shi ya sa makarantun fasaha suka zama wurin tura wanda ya faɗi jarrabawa.

Tsohon Ɗalibin Dawaki: Kuma da ba haka abin yake ba. Kwankwaso makarantar koyon sana'a ta Wudil ya yi, ya wuce kwalejin fasaha ta Kano, ya je Kaduna Poly, ya yi shekaru yana aikin ruwa a WRECA, hukumar ayyukan ruwa ta Kano, kafin ya ƙaro karatu a Ingila. Jelani Aliyu da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, foli ta Birnin Kebbi ya yi kafin ya tafi Detroit.

Abu Hafsat: To an fara kawo mana jar hula kenan.

Admin: Jama'a don Allah ban da siyasa, misali aka bayar a bar shi a misali. Duk wanda ya sako hoton ɗan takara zan goge.

Na Maraɗi: Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Mu ma nan ciwon guda ne. A lise, wato babbar sakandare, yaran da ke zuwa seri C, wadda ita ce ta lissahi da fizik, 'yan kaɗan ne ƙwarai, wani lise ɗin ma babu ajin gaba ɗai don babu malami, kowa sai ya tahi seri A ta adabi ko D ta kimiyyar halittu. Ɗiya mata kuwa yawanci tun kwalej, wato ƙaramar sakandare, ake cire su a yi musu arme. Ga mu da yuraniyom a Arlit tun shekarun 1970, ga matatar mai ta Zinder da aka buɗe a 2011, ga makarantar EMIG a Yamai ta ma'adinai, tsohon shugaban ƙasa Issoufou kansa injiniyan ma'adinai ne, amma manyan ayyukan hannu 'yan Sin da Turawa ne suka daɗe suna riƙewa. Abin da ke ba ni haushi, Abdou Moumouni wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi tun shekarun 1960 da 1970 yake bincike kan hasken rana a ƙasar nan, yau kuma duk faranti da batir daga waje muke saye. Baban Ummi ka bar ɗiya ta yi, rana dai ba ta ƙarewa garemu.

Abu Hafsat: Ni fa har yanzu ba a amsa min maganar aiki ba. Masaƙun Kaduna sun rufe, Kakuri ta zama kufai, ka zaga Bompai da Sharaɗa da Challawa ka ƙirga masana'antun da ke hayaƙi. Kamfanin haɗa motoci na Steyr a Bauchi ina yake? Kuna ta cewa a tara yara mata da 'yan ƙauye da almajirai a yi injiniyoyi, a kai su ina? Nas kuwa ko ba gwamnati za ta samu a asibitin kuɗi, har Saudiyya ana ɗauka.

'Yar Samaru: Wannan kam Malam yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Wata shida na SIWES, aikin koyo da ake tura ɗalibai, da na yi, a wani ofis aka ajiye ni ina rubuta suna a littafi, sau biyu kacal aka fita da ni wurin gini kuma shi ma sai da na yi ta naci, ogan cewa yake rana za ta dame ki ƙanwata ki zauna a ofis. Maza 'yan ajinmu kuwa kullum suna fili. Ba mugunta yake yi ba a ganinsa tausayi ne, amma haka za a gama a ce mace ba ta iya aikin fili ba.

Maman Sadik: Ƙanwata haka aka yi min ni ma, maganinsa ki riga kowa sa takalmin aiki ki shiga mota ki zauna, ba wanda zai ce ki fito. Malam Abu Hafsat kuma, aikin masaƙa ya tafi na yarda, amma wani ya zo. Turakun sadarwa da ke kowane gari wa ke kula da wutarsu? Ƙananan tashoshin sola da ake kafa wa ƙauyuka da kasuwanni, famfunan ban ruwa masu sola da manoman rani suka koma wa tunda fetur ya yi tsada a 2023, injinan shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa, tashar Zungeru mai megawat 700, bututun gas da ake ja daga Ajaokuta zuwa Kano. In an zo ɗaukar ma'aikata sai a kawo daga Legas da Fatakwal, mu kuma mu hau Facebook muna cewa an ware mu. Na zauna a kwamitin ɗaukar aiki, muna neman mace 'yar Arewa mai digirin lantarki ido rufe, takarda biyu muka samu cikin tuli. Sannan wani abu da ba a faɗa, duk yarinya mai ƙoƙari ana tura ta likitanci ko nas, gurbin kaɗan ne masu nema dubbai, in ba ta samu ba sai a jefa ta wani kwas da ba ta nema ba ta yi shekara huɗu tana jin haushi. Da yawansu da lissafi suka zaɓa da tuni sun samu gurbi a ABU ko BUK ko ATBU ko Wudil ko Minna.

Malamin Fiziks: Hajiya ai ko zuwa makarantu irin ku kuna yi da ya taimaka. 'Yan matan ƙauyenmu sun san malama, sun san nas, su kenan matan da suka taɓa gani da albashi. Yarinya ba ta sha'awar abin da ba ta taɓa gani ba.

Maman Sadik: Muna yi ta ƙungiyar mata injiniyoyi APWEN, amma gsky yawanci a birni muke tsayawa, makarantun da ke bakin titi. Laifinmu ne wannan. Ka turo min sunan garin ta akwatin sirri, in hanya lafiya zan zo da yarana biyu mu haɗa sola a gabansu su taɓa da hannunsu. Kuma ka gaya musu ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa NSE da aka kafa tun 1958, a 2024 mace ta hau shugabancinta karon farko, Margaret Oguntala.

Abu Hafsat: Shekara sittin da shida kafin a samu mace ɗaya, kuma ba 'yar Arewa ba. Ai kin taya ni hujja Hajiya 😄 Ni dai ban canza ba, in 'yata ce nas za ta yi. Amma tunda yarinyar Malam tana da hannu a abin, Allah ya zaɓa mata mafi alheri.

Ɗan Panteka: Mai HND don Allah wannan satifiket ɗin da ka ce, yaron da bai yi firamare ba zai iya samu? Kuma nawa ake biya?

Mai HND: Matakin farko aikin hannu ake dubawa Baba ba takardar makaranta ba. Maganar kuɗi ka bari gobe in tambayi wani abokina da ke aikin tantancewar in turo maka.

Baban Ummi: Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, ban zaci abin zai yi tsawo haka ba. Na karanta wa uwarta duka, da aka zo maganar gidan ba shiga ta yi dariya ta ce ai ita ma ranar da inbata ya yi ƙara Ummi ta kira ba ni ba. Ta sauko amma ta ce sai dai jami'ar da ke kusa, ba kwana a wani gari. Saura Hajiya babba, ita ta ce ba ta yarda akwai mace mai wannan aikin ba sai ta ji muryarta da kunnenta. Maman Sadik in ba damuwa zan turo miki lambar ta akwatin sirri, amma ki kira bayan la'asar, da safe tana islamiyya.

Maman Sadik: Ba komai Malam, turo. Ka ce wa Ummi ta fara bitar lissafi tun yau, musamman kalkulas da tirigonometiri, nan ne JAMB ke kayar da yara.